Mai Kunna Wuta Daban, Mai Biyan Kuɗinta Daban

Wata ranar Talata cikin watan Afrilu na shiga wani ofis a Gombe neman a sa mini hannu a takarda. Ƙarfe ɗaya da rabi ta gota, kowa ya tafi sallar azahar. Ɗaki uku na leƙa, ba kowa, amma a kowanne na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki, fanka na juyawa a sama, ƙwan lantarki a kunne alhali hasken rana ya cika ɗakin ta taga. Ƙofar ɗaki ɗaya a wangale take, sanyin da aka saya da tsada yana ta zuba a baranda. A bayan ginin wani ƙaton janareta na ruri, hayaƙinsa ya mai da bangon baƙi. Na zauna a benci kusa da dattijon da ke gadi, wanda shi ne ke tayar da injin kuma shi ke kashe shi. Na ce, "Baba, tunda ba kowa a ciki, ba za a bar injin nan ya ɗan huta ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni an ce in tayar ƙarfe tara, in kashe ƙarfe huɗu. Abin da ke tsakani ba a ba ni ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Da na fito na biya ta wajen wani tela a babbar kasuwa. Shi ƙaramin janaretansa a kashe yake. Ya tara duk ɗinkin da ke buƙatar keken surfani wuri guda, sai sun kai yawan da ya san za su fanshi lita ɗaya sannan ya ja igiya. Yana gamawa ya kashe, ya koma kan keken ƙafa. Ba wanda ya taɓa kiransa taron bita kan sauyin yanayi. Abin da ya raba shi da wancan ofis abu ɗaya ne: hannun da ke kunna injin shi ne hannun da ke shiga aljihu ya biya mai. A ganina nan ne gindin maganar tsimin makamashi a wuraren aikinmu yake, kuma duk shawarar da ta tsallake wannan, ko sola ce ko dashen itatuwa, za ta yi kyau a takarda ta mutu a ƙasa.

Shekarun baya ana iya kau da kai, don ɓarnar ba ta da zafi sosai. Yanzu abin ya canza. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit (wato wutar da abu mai jan wat 1,000 ke sha a awa ɗaya), daga baya aka ɗan sassauto zuwa sama kaɗan da 200. A cikin wannan watan ne kuma aka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe, muka yi makonni muna fama. Ba mu gama farfaɗowa ba, a watan Oktoba yawancin Arewa ta sake shiga duhu na fiye da mako. Muna da madatsar Dadin Kowa a nan kusa da ke iya ba da megawat 40, amma mai shagon buga takardu a Tudun Wada da mai walda a Jekadafari sun san cewa ranar da layin ya faɗi, jarkar mai ce kaɗai madogara. Wuta ta yi tsada in ta zo, ta fi tsada in ba ta zo ba.

To, mene ne ke shan wutar a ofis? Mutane da yawa da zarar an yi maganar tsimi sai su nufi ƙwan fitila, don shi ido ke gani. Akwai riba a nan, ba shakka. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60 da sabon ƙwan LED na wat 9 kusan haske ɗaya suke bayarwa. Ofis mai ƙwai 20 da ke kunne awa 10 zai sha yunit 12 a rana da tsohon, da sabon kuwa bai kai yunit 2 ba. Wannan gyara ne mai sauƙi, kuma da yawa sun riga sun yi shi.

Amma ƙwai ɗan ƙaramin maciyi ne. Babban maciyin shi ne duk abin da ke yin sanyi ko ke yin zafi. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wajen wat 1,200. A zafin bazarar Gombe, lokacin da rana ke kai maki 40, da wuya injinta ya samu hutu, don haka a awa 8 za ta sha kusan yunit 10. A farashin rukunin A na 2024 wannan kusan naira 2,000 ke nan a rana, wajen 44,000 a ranakun aiki 22 na wata, na'ura ɗaya tak. Fankar silin kuwa wat 70 take ja, ko ƙasa da haka. Ke nan na'urar sanyi guda tana cin abin da fanka 17 za su ci. Ƙirga yawan na'urorin da ke manne a bangon kowace sakatariya ko banki ko asibiti da ka sani, sai ka ga inda kuɗin ke tafiya. Bayanta sai hitar dafa ruwan shayi da ake saƙalawa a bokiti, wadda ke jan wat 1,000 zuwa 2,000, sai injin kwafin takardu da ke ɗumama cikinsa duk yini ko ba a buga komai, sai tsohon firij ɗin da robar ƙofarsa ta saki.

Ba ina cewa a cire na'urar sanyi ba ne. Wanda ya taɓa zama a ɗakin kwano cikin Afrilu da azumi a bakinsa ba zai faɗi haka ba, kuma akwai wuraren da sanyi wajibi ne, kamar ɗakin tiyata da ma'ajiyar magani. Yadda muke amfani da ita ne abin dubawa. Mun saba danna ta zuwa 16, muna zaton hakan zai sa ɗaki ya yi saurin sanyi. Ba ya sawa. Injin gudu ɗaya yake yi, lambar kawai tana gaya masa inda zai tsaya ne, kuma ɗakin da rana ke dukansa a Gombe ba zai taɓa sauka 16 ba, don haka injin ba zai tsaya ba har a tashi aiki. In aka sa ta a 24 ko 25 aka haɗa da fanka, jiki zai ji daɗi, injin kuma zai riƙa hutawa. Ƙasar Indiya, wadda zafinta bai gaza namu ba, tun 2020 ta wajabta wa kamfanoni su riƙa fito da sababbin na'urori a saite kan 24. Sai kuma ragar da ke tace iska a cikinta. Bayan hunturu guda za ka same ta ta toshe da ƙura kamar an shafa mata laka, injin na ta wahala iska ba ta fita. Wanke ta aikin minti goma ne da ruwa, amma na san ofisoshin da ba a taɓa buɗe murfin ba tun ranar da aka kafa.

Janareta kuma yana da wani hali da ba kowa ya lura da shi ba. Babban injin dizal in yana ɗauke da kaya daidai ƙarfinsa, lita ɗaya tana ba da wajen yunit 3. In ka sayi litar a naira 1,200, yunit ɗinka ya kama 400 ke nan, kusan ninkin na rukunin A, ban da kuɗin baƙin mai da gyara. Ƙaramin na fetur da ƙyar yake ba da yunit ɗaya da rabi. Sai dai shan man inji ba ya raguwa daidai da raguwar kayan da ke kansa. Ko ba a kunna komai ba, sai ya sha wani kaso don kawai ya ci gaba da juyawa. Saboda haka injin da aka saya don ya ɗauki gini duka, in aka tayar da shi don oga ɗaya da ya tsaya aikin yamma, kowane yunit da ya bayar ya ninka tsada, kuma injin dizal da ke yawan aiki ba kaya yakan tara danyen mai da baƙin toka a cikinsa, ya mutu da wuri. Kowace litar dizal da aka ƙona tana sakin wajen kilo 2.7 na iskar da ke ɗumama duniya. Wannan illa ce ta nesa. Ta kusa ita ce wadda mai shago ke shaƙa a layin da kowane shago ya ajiye injinsa a bakin ƙofa, da ciwon kan da yake komawa gida da shi, da kuma gubar hayaƙin da ba ta da wari, wadda ke kashe mutum in an kunna inji a rufaffen wuri.

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan: me ya sa ɗakin ya yi zafi haka tun farko? Yawancin zafin da na'ura ke yaƙi da shi ta rufi yake shigowa da ta taga. Muna gina ofis da bulo mai rami, mu ɗora kwano, sau da yawa mai duhun launi don ya fi kyau a ido, mu sa silin siriri, mu buɗe manyan tagogin gilashi suna kallon yamma ba wata rumfa a kansu. Daga ƙarfe biyu zuwa biyar rana na zubowa ta gilashin nan kai tsaye, zafin ya shiga ya kasa fita. Mun gina tanda, sannan mu sayi inji ya hura mata sanyi. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro, irin gidan Madaki da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina a Kafin Madaki ta jihar Bauchi tun ƙarni na 19, ya san abin da jiki ke ji daga bakin zaure: bango mai kauri da ke riƙe zafin rana sai dare ya sake shi, rufi mai tsawo, ƙananan tagogi. Magina na da sun san rana, sun san ta inda take ɓullowa a kowane lokaci na shekara. Ba cewa nake a koma ginin tubali a sakatariya ba, amma ilimin nan bai tsufa ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi, kuma abin da ke cikinta kusan shi ne wannan: a rage faɗin gilashi, a yi wa taga inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Amma izinin gini a hannun hukumomin jiha yake, sai sun ɗauki ƙa'idar sun sa ta cikin sharuɗɗansu za ta yi aiki.

Ginin da aka riga aka yi ma yana gyaruwa. Farin fenti a kan kwano yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana sama. Rumfa ko 'yar baranda a kan tagar yamma ta fi labule amfani nesa ba kusa ba, don labule sai zafi ya riga ya shigo yake tare shi. Sai itace. Tun 2019 gwamnatin Gombe ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G, kuma an ga shuke-shuke a gefen tituna. Abin da nake so in gani shi ne dogonyaro biyu ko uku a yammacin kowane ginin ofis, a inda inuwarsu za ta faɗa kan bango da la'asar. Abin takaici, sabon salo shi ne a sare na harabar, a shimfiɗe ko'ina da siminti, wanda ke shan rana duk yini ya riƙa huro ta cikin ɗakuna, da damina kuma ya hana ruwa nutsewa ya tura shi kwararo. Garin da ke fama da zaizayar ƙasa irin Gombe bai kamata ya ƙara wa kwari ruwa da hannunsa ba.

Har tufafi suna da hannu a ciki. A 2005 gwamnatin Japan ta umarci ma'aikatanta su ajiye kwat da laƙtaye lokacin zafi, a sa na'urorin ofis a 28. Mu da Allah ya ba kaftani da yadi mara nauyi, ba mu da dalilin tilasta wa ma'aikacin banki kwat a watan Maris sannan a ƙona dizal don kada ya yi gumi a cikinta.

Sai sola, wadda yanzu ita ce a bakin kowa. Ina goyon bayanta ƙwarai, kuma ofis ya fi gida dacewa da ita. Dalili kuwa, abin da ya fi tsada a haɗin sola, kuma ya fi saurin mutuwa, shi ne batir. Gida da dare yake buƙatar wuta, dole sai an tara. Ofis kuwa daga takwas zuwa huɗu yake aiki, daidai lokacin da rana ke sama, wutar na fitowa daga faranti tana shiga fanka da kwamfuta kai tsaye, batir kaɗan ya isa. Rana kuwa ba abin da ya fi ta yawa a wajenmu.

Inda ake kuskure shi ne a jeri. Mutum zai kira mai haɗa sola ya nuna masa ofis yadda yake, da tsofaffin na'urorin sanyi da hita da firij mai yoyo, ya ce a yi masa lissafi. Lissafin ya fito miliyoyi, sai ko dai ya fasa, ko ya ce a rage, a haɗa masa ƙarami da kayan araha. Wata shida batir ya mutu, ya shiga gari yana cewa sola ƙarya ce. Araha ba ta ado. Da ya fara rage kayan, ya canza ƙwai, ya sa fanka mai ƙaramin ci, ya maye babbar kwamfutar tebur mai jan sama da wat 100 da ta hannu mai jan ƙasa da rabin haka, ya fenta rufi, da rabin farantan sun ishe shi. Kowane wat da ka rage kafin ka sayi sola, ka rage kuɗin faranti da na inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta dace da kayan ofis) da na batir gaba ɗaya. Ba a ɗibar ruwa da kwando, ko da rijiyar a ƙofar gida take.

Bayan an kafa kuma akwai hidima. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan faranti ta rage masa ƙarfi sosai, sai an riƙa wankewa da sassafe kafin ya yi zafi. Batir mai ruwa ba ya son zafi, in aka kulle shi a ɗan ɗakin da ba iska, shekarunsa na raguwa. In ya mutu kuma, dalma ce a cikinsa da ruwan guba. Sayar da shi ga wanda zai fasa a bayan gari ya zubar da ruwan a ƙasa ya narka dalmar a fili, cutar da yaran unguwa ne, ko da an yi shi da sunan kare muhalli. Mu a Arewa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ya kamata tun ranar saye a yi sharaɗi da dillali cewa shi zai karɓi tsohon.

Duk abin da na lissafa ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, kowane mai gyaran wuta a Gombe ya san shi. Abin da ke hana shi aiki shi ne wancan rabuwar da na fara da ita. A ofishin gwamnati, kuɗin mai yana fitowa ne daga kuɗin gudanarwa na wata-wata, sola kuwa babban aiki ce da sai ta shiga kasafi ta bi layi. Shugaban sashen da ya yi tsimi ya rage shan mai, ba a bar masa rarar ya gyara ofis ba, sau da yawa ma rage masa kason baɗi za a yi. Sannan kada mu ɓoye wa juna: a duk inda ake sayen dizal da yawa ba tare da rubuta awa da lita ba, akwai mai cin moriyar rashin rubutun, kuma ba zai yi murna da farantin sola ba. A rukunin shagunan haya, mai gini ne zai kashe kuɗin fenti da silin, ɗan haya ne zai ji sanyin, don haka ba mai yi. Wanda kuma ba shi da mita, kamfanin rarraba wuta na kawo masa bil na ƙiyasi, ko ya kashe ƙwai ko ya bar shi kuɗin ɗaya ne, da wane dalili za ka roƙe shi ya kashe? Mita mai kati ta fi kowace lacca koya wa mutum tsimi, don yana ganin lambar na sauka da idonsa. Kuma yanzu da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ba daidai ba ne a ci gaba da cewa komai sai Abuja.

Maganar takarda da shara ma haka take, ba sai na ja ta ba. Ana buga wasiƙa kwafi biyar a fuska ɗaya don ba mai tambayar ina rim ɗin jiya ya tafi. Ledar ruwa na taruwa a bayan taga, maigadi ya cinna mata wuta da yamma, ko ruwan sama ya kwashe ta ya toshe magudana. Randa ko tulun ruwa mai famfo da kofin kowa ya isa ya kashe rabin wannan.

Da za a ba ni ofis guda in gwada, ba da sayen komai zan fara ba. Littafi mai layi zan saya in ajiye kusa da janareta, a riƙa rubuta ƙarfe nawa aka tayar, ƙarfe nawa aka kashe, lita nawa aka zuba, wa ya zuba. Kowace safiyar Litinin a karanta mita a rubuta. Ƙarshen wata a manna jimillar a allon sanarwa inda kowa zai gani, daga darakta har masinja. Sannan a yi alkawari a rubuce cewa wani kaso na duk abin da aka rage zai dawo wa ma'aikatan wurin, ko a gyaran banɗaki, ko a ruwan sha, ko a ɗan ihsani ga masu shara da masu gadi, tunda su ne ke fara shiga su ne ke ƙarshen fita, kuma sun fi kowa sanin ɗakin da ake barin na'ura a kunne har Litinin. Shi kuma Baba mai gadi a ba shi abin da ya ce ba a ba shi ba: izini a rubuce, da sa hannun oga, cewa in an fita sallah ko an tafi taro ya leƙa ya ga ba kowa, ya kashe injin.